Mu Koma Kan Dala Tun Gwiwa Ba Ta Ƙi Ba

(Jawabin da shugaban kwamitin ziyarce-ziyarce ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Da farko ina neman afuwa wajen malamanmu, domin ba ƙaramin nauyi ba ne yaro ya miƙe tsaye yana zuba alhali wanda ya koya masa riƙon alƙalami yana zaune yana kallonsa. Duk da cewa gemuna ya yi fari fat, na san a idonsu har yanzu ni ne ɗan ƙaramin nan mai gajeren wando da ake kora daga fareti ya je ya wanke ƙafa. An ba ni minti 20. Idan na zarce, Sakatare ya kaɗa mini ƙararrawa, dama aikinsa ne tun muna aji uku.

Kamar yadda kuka sani, a taron bara aka ɗora wa mu uku nauyin shirya wa ƙungiya wata tafiya ta zumunci, tun da an lura cewa haɗuwarmu ta koma ta ɗaurin aure da ta jana'iza kawai, kuma ta jana'izar ta fara rinjaye. Shawarwari sun zo mana da yawa. Wasu sun ce Yankari, wasu sun ce Tiga, wani ya ce mu tafi Daura mu sha ruwan Kusugu. Amma akwai wasiƙa ɗaya da ta fi ɗaukar hankalinmu, daga ɗan'uwanmu da ke zaune a Kaduna, wanda ya rubuta layi biyu tak, ya ce mu je mu hau dutsen Malam Silon. Waɗanda suka shigo makaranta bayanmu ba za su gane wannan magana ba, don haka bari in koma baya kaɗan.

A shekarar 1977, muna aji biyu, aka loda mu a motar makaranta wata Asabar da safe aka sauke mu a Ƙofar Mazugal. Malamai biyu ne suka raka mu. Ɗaya shi ne malaminmu na tarihi, ga shi nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ɗayan shi ne malamin labarin ƙasa, mutumin Siri Lanka, wanda muke kira Malam Silon saboda tsohon sunan ƙasarsu, wanda aka canja a 1972. A zamanin nan makarantun Kano cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Gana da sauransu, kowa ya tuna. Muka taka har gindin Dala, muka hau a guje kamar awaki. Da muka kai sama muna haki, sai Malam Silon ya dube mu ya yi murmushi, ya ce a ƙasarsu akwai dutsen da tsohuwa mai shekara 70 take hawa cikin dare, kuma in aka ɗora Dala a kan Dala sau da yawa ba za a kai wuyansa ba. Muka yi dariya, muka ɗauka zuƙi ta malle ce. Daga nan shi da malamin tarihi suka koma gefe guda suna ta hira, wannan yana nuna ƙasa da yatsa, wancan yana zana wani abu a tafin hannu, mu kuwa muna shan rake. Sai da na girma na gane cewa hirar da muka ƙi saurara ita ce darasin ranar.

Malam Silon bai yi ƙarya ba. Dutsen da yake nufi shi ne wanda mutanensa ke kira Siri Pada, wato sawu mai tsarki, Larabawa da Turawa kuma suke kiransa Dutsen Adamu. Tsayinsa mita 2,243 daga doron teku. A ƙolinsa akwai wani gurbi a jikin dutse mai kama da sawun ƙafa. Mabiya addinin Buda, irin su Malam Silon, suna cewa sawun Buda ne. Mabiya addinin Hindu suna cewa na abin bautarsu Shiba ne. A cikin Musulmi kuwa tun da daɗewa akwai masu cewa nan ne Annabi Adamu, alaihis salam, ya fara taka ƙasa. Matafiyin nan Ibn Batuta, mutumin Tanja ta Maroko, wanda daga baya ya zo ƙasar Mali har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, ya hau dutsen a 1344. Ya ba da labarin hanyoyi biyu da ake bi, ɗaya ana danganta ta ga Adamu, ɗaya ga Hauwa'u, ya kuma ce akwai sarƙoƙi 10 na ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen don mai hawa ya riƙe. Ta ƙarshen ana ce mata sarƙar shahada, domin duk wanda ya kai wajenta ya leƙa ƙasa, tsoro zai sa ya yi kalmar shahada ko bai shirya ba.

To, kwamiti ya zauna a kan wannan shawara da gaske, ba mu watsar da ita ba. Muka bincika yadda ake tafiyar. Lokacin ziyara yana farawa a watan Disamba ya ƙare a Mayu. Ta gajeriyar hanya, matakala sun haura 5,000, kuma ana soma hawa ne da tsakar dare don a riski fitowar rana a sama. Ma'aji ya yi lissafin kuɗin jirgi da masauki, ya ajiye biro, ya ce da wannan kuɗin gara mu gyara rufin ɗakin karatun makaranta. Likitanmu kuma ya ce ko da kyauta ne, shi ba zai sa hannu a kai mutanen da rabinsu ke shan maganin hawan jini su hau matakala 5,000 cikin sanyin dare ba. Nan maganar Siri Lanka ta mutu. Malam Silon dai ya koma gida a 1983, kuma labarin rasuwarsa ya iske mu ta hannun 'yarsa shekarun baya.

Amma binciken bai tafi a banza ba, domin mun ga wani abu a tsarin mutanen can wanda ya burge mu. Mutanen ƙauye ba sa zuwa dutsen ɗaiɗai. Suna tafiya ne a ayari, kuma kowane ayari yana da madugu, dattijon da ya hau sau da yawa, shi ke faɗin lokacin tashi da wurin hutawa, kuma ba a yi masa gardama. Wanda bai taɓa hawa ba, ko da ya yi furfura, ana ɗaukarsa ɗan koyo, ana sa masa ido na musamman. Haka kuma a Tibet akwai dutsen Kailash, mai tsayin mita 6,638, wanda 'yan Hindu da 'yan Buda duka suke girmamawa. Shi ba a ma hawansa, kewaya shi ake yi, tafiyar kilomita 52 wadda yawancin baƙi ke yi a kwana uku tare da ɗan jagora da dabbobin ɗaukar kaya. Ba addininsu muke sha'awa ba, Allah ya tsare mu, kowa da nasa. Abin da muka ɗauko shi ne tsarin tafiyar, wanda in ka duba da kyau ba baƙo ba ne a wurinmu: kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da madugu suke tafiya, da jagaba a gaba, da uban dawaki a baya yana tattara waɗanda suka gaji. Mu ne muka manta.

Sai ɗaya daga cikinmu ya ce, to me ya hana mu koma inda maganar ta samo asali? Ya tambaye mu yaushe rabonmu da hawa Dala. Jama'a, kunya ta kama ni. An haife ni a cikin birni, gidanmu in ka hau soro kana hangen dutsen, na je Makka sau biyu, na je Ingila kwas, amma tun ranar nan ta 1977 ban sake taka kan Dala ba. Sauran biyun ma haka.

Da yake ni ne shugaba, sai na ce zan fara zuwa in gwada hanya, kuma a nan na tafka wautar da nake so in faɗa muku don kada wani ya maimaita. Ranar wata Talata ce a watan Afrilu, kun dai san Afrilun Kano, lokacin da zafi ke kusantar awo 40. Na fito daga wani ɗaurin aure wajen ƙarfe 12 na rana, da babbar riga da hula da takalmi sau-ciki, ban karya kumallo ba sai shayi, kuma na sha maganin sukari da safe. Na ce wa direba ya jira ni minti 15. A raina ina cewa wannan ɗan dutsen da muka hau a guje? Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, kuma Kano kanta a kan tudu take, saboda haka abin da mutum zai hau bai kai mita 100 ba. Ban kai rabin matakalar ba na ji ƙafafuna sun zama na wani. Gumi mai sanyi ya karyo mini, garin ya fara juyawa, na zauna daɓas a kan siminti mai zafi kamar tanda. Wasu yara almajirai biyu ne suka gan ni, ɗaya ya ruga ya sayo mini ruwa da alewa da kuɗin da na ciro da ƙyar, ɗayan ya tsaya yana yi mini fifita da hulata yana cewa, "Baba, sannu, Baba kada ka kwanta." Su suka riƙo ni har ƙasa. Da na koma gida uwargida ta ji labari, abin da ta faɗa mini ba zai maimaitu a gaban malamai ba.

Wannan faɗuwa ita ta gyara mana shirin gaba ɗaya. Mun koma sau uku bayan haka, mu uku tare da Likita, da sassafe, muna riƙe da agogo, kuma ga abin da muka tsayar.

Rana ita ce Asabar ta ƙarshe a watan Nuwamba. Mun yi muhawara a kan wannan. Wasu sun fi son Janairu saboda sanyi, amma a tsakiyar hunturu hazo yakan rufe gari har mutum ya hau Dala bai ga Goron Dutse sosai ba, kuma ƙurar ba ta yi wa masu asma daɗi. Ƙarshen Nuwamba damina ta wuce, matakala ba santsi, safiya da sanyi-sanyi, sararin sama bai gama dusashewa ba. Ranar ba ta faɗo cikin azumi ba, ba ta kuma yi karo da Takutaha ba, wato ranar da jama'ar birni ke tururuwa zuwa kan dutsen mako guda bayan Mauludi. A irin wannan cunkoso dattijo ba ya da wurin sa ƙafa.

Za mu haɗu a gaban Gidan Makama da ƙarfe 6:30 na safe, kowa ya karya kumallo ya sha maganinsa tun daga gida. Kaftani mara nauyi da takalmin roba ko kambas, ban da babbar riga, ni na gwada muku ita. Daga nan a ƙasa za mu bi ta Ƙofar Kudu, mu wuce babban Masallacin Juma'a, mu ratsa Kasuwar Kurmi tun ba ta cika ba, mu tsallaka Jakara, mu bi lunguna har gindin Dala. A gwajinmu, da tafiyar dattijai da tsayawa sau uku, awa biyu ta ishe mu. Mota ɗaya za ta riƙa bin titi kusa da mu da ruwa da kujeru, duk wanda ya ji jikinsa ya ƙi, ya shiga, ba abin kunya ba ne. Likita zai auna jinin kowa a gindin dutse, kuma mun ba shi wuƙa da nama: wanda ya ce kada ya hau, ba zai hau ba, ko da kuwa Shugaban ƙungiya ne. Wani ya yi ba'a cewa ai asibitin ƙashi na Dala yana nan kusa. Muna roƙon Allah kada ya kai mu gare shi ta wannan hanya.

Mun riga mun kai gaisuwa wajen masu unguwannin da za mu ratsa, domin da ɗan gari kan ci gari, kuma sun yi alkawarin haɗa mu da 'yan sintiri. Ba sai na ɓoye muku ba, ƙwacen waya ya zama ruwan dare a wasu lunguna, ayarin dattijai 40 kowa da waya a hannu kuwa tamkar kiran kasuwa ne. Mutum biyu kawai za su ɗauki hoto, sauran kowa ya sa tasa a aljihu.

Yanzu bari in zo kan maganar ɗan jagora, wadda ta fi ba mu wahala. A zuwanmu na biyu wani saurayi ya tare mu a gindin dutse ya ce shi ne mai ba da tarihi. Muka ce bismilla. Ya fara da kyau, can sai muka ji ya ce Barbushe ne ya kashe macijiya a rijiya ya auri sarauniya. Ya ɗauko Bayajida daga Daura ya dasa shi a kan Dala! Ban ga laifin yaron ba, abinci yake nema, kuma abin da ya tsinta a bakin mutane shi yake sayarwa. Laifin namu ne da muka yi karatun muka bar masa wurin. Saboda haka muka nemi ma'aikacin gidan tarihi wanda ya san aikinsa zai raka mu, shi kuma saurayin mun ce ya biyo mu ya saurara, za mu biya shi ladan ranar.

Ga kaɗan daga abin da za mu ji, don waɗanda suka yi barci a ajin tarihi. Masu binciken kayan tarihi sun sami alamun narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato mutane suna zaune a wurin suna ƙira ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe daga zuriyar wani mutum mai suna Dala yake, kuma shi ne babban bokan gunkin Tsumburbura. Wurin bautar wata bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. A kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, lokacin da mutane ke taruwa daga kowace kusurwa da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, shi kuma ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. Littafin ya ce har ya gaya musu wani baƙo zai zo ya mallake su. Kun ga ke nan Dala ma wurin ziyara ne a zamaninsa, da lokacinsa da jagoransa, kamar dutsen Malam Silon. Ina kyautata zaton abin da su biyun suke tattaunawa ke nan muna shan rake.

Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe wurin bautar. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarautar da za mu wuce ta ƙofarsa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili. Masallacin da za mu gani a yanzu ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, an gama shi a 1951. Wato tafiyar awa biyu za ta ratsa da mu shekaru fiye da 1,000, muna farawa daga na kusa muna komawa na nesa, har mu ƙare a inda garin ya fara.

Wannan ya kawo ni ga wani ƙorafi da ya zo mana, kuma ba zan raina shi ba domin daga bakin mutumin kirki ya fito, limamin ajinmu, wanda ya ja mu salla shekara biyar a makaranta. Ya same ni har gida ya ce, "Malam, ka san abin da kake shirin yi kuwa? Za ka kwashi Musulmi ka kai su matsafa." Ya kawo hadisin da ya hana ɗaura niyyar tafiya don ibada sai zuwa masallatai uku, ya kuma ce har yau akwai jahilan da ke zuwa dutsen da asiri suna neman biyan buƙata. Mun daɗe muna magana. Abin da na ce masa shi zan faɗa muku. Ba lada muke nema a jikin dutse ba, ba tubarraki za mu yi da shi ba, ba za mu yanka ko tsako ba. Alƙur'ani da kansa a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen mutanen da suka gabata. A ganina babu inda Bakano zai fi gane ni'imar da Allah ya yi masa kamar ya tsaya a inda Barbushe ya tsaya, ya ji kiran salla yana tasowa daga kowace unguwa a ƙarƙashinsa. Liman bai ce ya gamsu ba, ni ma ban matsa masa ba. Amma ya ce zai zo, da sharaɗin shi zai yi mana addu'ar tashi a Gidan Makama, kuma zai tsaya a gindin dutse tare da waɗanda Likita ya hana hawa. Mun karɓi sharaɗin hannu biyu. Duk wanda yake da irin ra'ayinsa, ga abokin zama ya samu.

Akwai abu ɗaya da zai ɓata muku rai in kun hau, gara in faɗa tun yanzu. A 1977 malamin tarihi ya nuna mana ganuwa daga sama, muna binta da ido kamar zobe, da gonaki da kududdufai a cikinta ta wajen yamma da arewa. Wannan ganuwa Sarki Gijimasu ya fara ta, tsakanin 1095 da 1134. Baturen Jamus Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala a 1851 ya zana hoton birnin daga can, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci. Da sojojin Ingila suka ci garin ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, Lugga ya rubuta cewa tsayin ganuwar ƙafa 30 zuwa 50 ne, kaurinta a gindi ƙafa 40, kuma bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Igwa ba ta iya cinye ta ba. Mu muka cinye ta da kanmu, da ɗiban ƙasa da yanka filaye da gina shaguna. A 2007 an sa ganuwar da Dala da Kurmi da gidan Sarki a jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Da muka hau, Ma'aji ya yi ta juyawa yana neman zoben nan, sai guntaye ya gani nan da can tsakanin rufin kwano. Shi kansa dutsen gidaje sun matse shi har wuya, zaizayar ruwa tana cin gefensa, ga leda ko'ina. A cikinmu nan akwai injiniyoyi da lauyoyi da waɗanda suka riƙe manyan kujeru a gwamnati, har da waɗanda takardun filaye suka bi ta teburinsu. Ban ambaci sunan kowa ba, ni ma na yi aikin gwamnati shekara 35 ban taɓa buɗe baki a kan wannan ba. Shi ya sa kwamiti ke roƙon kowa ya zo da jika ɗaya ko ɗa ɗaya, kuma mun nemi makaranta ta ba mu ɗalibai 20 na ajin ƙarshe. Kowane yaro za a ba shi buhu, mu sauko da sharar da muka tarar.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi a zuciyata. Da muka je gaishe da malaminmu na tarihi muka gaya masa shirin, mun je ne da niyyar roƙonsa ya zo ya zauna a gindin dutse ya sa mana albarka. Allah gafarta Malam, ka yafe mini zan tona. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ba zaman gindin dutse zai zo yi ba. Ya ce akwai bayanin da ya fara yi mana a kan Dala a 1977 muka ƙi ji saboda rake, kuma yana so ya ƙarasa shi a inda ya fara. Malam ya haura shekara 85. Likita ya ce ƙafarsa ba za ta taka matakalar nan ba, ya kuma ce zuciyarsa lafiya lau in dai ba shi zai yi hawan ba. Iyalinsa sun amince bisa sharaɗin babban ɗansa yana gefensa. Saboda haka mun sa kafinta ya ƙera kujera mai sanduna biyu da ɗamara, mun gwada ta da buhun masara har sama ba ta motsa ba. Tana buƙatar mutum huɗu a lokaci guda, kuma za a canja hannu sau biyu, wato majiya ƙarfi 12. Mu 'yan ajin 1981 mun so mu ɗauka da kanmu, Likita ya yi mana dariya. Don haka muna neman su daga 'yan ajin 1995 zuwa ƙasa, kuma zuwa daren jiya mutum biyar ne suka ba da suna. Saura bakwai.

Takardar rajista tana wajen Ma'aji a bakin ƙofa, shafi na farko na masu tafiya, na biyu na masu ɗaukar kujera. Gudummawar da kowa zai bayar ta ruwa da mota da ladan 'yan jagora tana rubuce a saman takardar, za a rufe karɓa ƙarshen Oktoba. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon gwiwa ya rubuta a gefen sunansa, Likita kaɗai zai gani. Na ga Sakatare ya ɗaga ƙararrawa.

Allah ya ja kwanan malamanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kai mu ranar da rai da lafiya.